BABUR A FILIN GIDA: ƁARNAR RANA, ƘURA DA RUWAN SAMA

A yau babur, wanda muke kira moto, ya zama dokin talaka. A komin ɗin Bazaga da sauran ƙauyukan Birnin Konni, Malbaza da Illela, da wuya ka shiga gari ba ka ji kukansa ba. Shi ke kai buhun albasa kasuwar Galmi ko ta Tsarnawa. Shi ke kai manomi fadamar Konni, wadda madatsan ruwa na Mozage da Zango ke shayarwa. Shi ke ciyar da iyalin ɗan kabu-kabu. Idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare, ko kunama ta harbi yaro, babur ake fara nema don zuwa likita.

To, amma ina wannan doki yake kwana? Kakanninmu ba su taɓa barin doki a rana ba. Suna yi masa rumfa, su share masa wuri. Mu kuwa da yawanmu sai mu jingine babur a filin gida, rana ta doke shi, ƙura ta rufe shi, ruwa ya jiƙa shi. Ranar da aka buƙace shi da gaggawa, sai a yi ta bugu ya ƙi tashi. A irin wannan dare, abin da ke cikin haɗari ya wuce ƙarfe. Rai ne.

Shi ya sa muka ga ya kamata mu duba abin da kowane lokaci na shekara ke yi wa babur, da yadda za mu kare shi da kayan da muke da su a hannu.

KAYAN GYARA BA SU DA ARAHA

Kayan gyara da yawa da esansin da ake sayarwa a kwalabe ta iyakar Najeriya suke shigo mana, ta Illela ta jihar Sakkwato. A watan Mayu na 2023 gwamnatin Najeriya ta cire tallafin mai, kuɗin esansi ya tashi. A watan Agusta na wannan shekara aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ba sai watan Maris na 2024. Wanda tayarsa ta fashe ko batirinsa ya mutu a wannan tsakani ya san abin da ya biya. Darasin a fili yake: abin da ka adana ya fi abin da za ka saya.

BAZARA: RANA TANA CIN ROBA

A watannin Afrilu da Mayu zafi a yankin Konni yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ƙarfe da baƙar roba da aka bari a rana sun fi haka zafi nesa. Ga abin da ke faruwa.

Sirdi yana bushewa ya tsage. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da damina ta zo, ruwa ya bi wannan tsaga ya shiga soso, soso ya riƙe ruwan, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya kama tsatsa.

Taya ma haka. Hasken rana yana busar da robar, sai ka ga ƙananan tsage-tsage a gefenta. Irin wannan taya tana iya fashewa da kaya a kan hanya, ko da haƙoranta ba su cinye ba. Taya da yawa suna da lambobi huɗu a gefe, cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara ce. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Kafin ka sayi taya, karanta wannan lamba. Tsohuwar taya da ta daɗe a rana gaban shago ba sabuwa ba ce, ko da ba a taɓa ɗaura ta ba.

Batir yana da ruwa a cikinsa, zafi kuwa yana shanye wannan ruwa. Idan batirinka mai buɗewa ne, duba shi sau ɗaya a wata. Akwai layi biyu a jikinsa, ruwan ya tsaya tsakaninsu. Idan ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir kaɗai. Ruwan rijiya yana da gishiri da kanwa masu kashe batir. Idan batirin rufaffe ne, kada a ɓalle shi.

Esansi yana tashi sama da zafi. Wanda ya rage a cikin karbireta sai ya bar wani danƙo da ke toshe ƙananan hanyoyin mai. Haka kuma esansi yana kumbura idan ya yi zafi. Saboda haka kada a cika tanki har baki sannan a ajiye babur a rana, domin zai malalo a kan inji mai zafi.

Fenti yana dushewa, robobin fitila da na gefe su yi gautsi, ɗan bugu kaɗan su karye. Ranar da za ka sayar da babur, mai saye da ido yake fara ciniki.

HUNTURU: ƘURA TANA CIN INJI

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana busowa daga arewa maso gabas. Ƙurar da take ɗaukowa, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Ta fi gari laushi, babu ƙofar da ba ta shiga.

Inji yana shaƙar iska kamar mutum. Yana da mataci wanda ke tare ƙura. Idan matacin ya cika, injin yana shan mai da yawa, ƙarfinsa ya ragu, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi. Idan matacin ya yage, ƙura ta wuce ciki ta riƙa goge fistin kamar ana gurza shi da yashi. Wannan gyara ne mai tsada. Da hunturu a buɗe mataci kowane mako biyu. Na soso a wanke shi da kananzir, a matse, a bar shi ya bushe, a shafa masa ɗan man inji kaɗan. Na takarda ba a wanke shi, kakkaɓewa ake yi, in ya tsufa a canza.

Sarƙa ita ma tana shan wuya. Mai da ƙura idan suka haɗu suna zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙa da haƙoran da take hawa. Kuskure ne a yi ta zuba mai a kan datti. A fara gogewa da tsohon buroshi da kananzir, a share da tsumma, sannan a ɗiga sabon mai. A duba sakinta: idan ka taɓa ta da yatsa a tsakiya, ta yi motsi kamar faɗin yatsu biyu.

Kada a goge ƙura da busasshen tsumma a kan tanki da madubi, yana karce su. A fara zuba ɗan ruwa.

DAMINA: RUWA YANA KAWO TSATSA

Ruwanmu daga Yuni zuwa Satumba yake sauka, ya fi yawa a watan Agusta. Kwanakinsa kaɗan ne, amma yakan zo da iska da ƙarfi. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, jihar Tawa na cikin inda abin ya taɓa. Katangu sun faɗi, ruwa ya shiga gidaje. Babur da aka jingine a gindin katangar ƙasa yana cikin abin da katanga ke dannewa.

Ruwa da iska idan suka zauna a kan ƙarfe, tsatsa ke fitowa. Tana fara kama sarƙa, wayoyin ƙafa, salansa da kusoshi. Wadda ta fi haɗari ita ce wadda ido ba ya gani. Wayar birki da wayar kuloci da ta totur suna cikin kube. Ruwa yana bin kuben ya kwanta a ciki. Wata rana ka matsa birki ka ji ya yi tauri, ko wayar ta tsinke a gangare. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A riƙa ɗiga mai a bakin kuben sau ɗaya a wata.

Ruwa yana shiga tanki ta hanya uku. Yana bin murfin da robarsa ta lalace. Yana zuwa cikin man kwalba da aka bari a buɗe. Kuma yana fitowa daga iskar da ke cikin tankin da ba shi da mai sosai, kamar yadda raɓa ke sauka da asuba. Ruwa ya fi esansi nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya. Can yake cin tanki da tsatsa, daga can ya gangara karbireta. Alamarsa ita ce babur ya riƙa tari yana mutuwa. A ƙarƙashin karbireta akwai ƙaramin kusa. A rufe makunnin mai, a kwance kusan, a tsiyaye abin da ke ciki a gwangwani. Idan ka sayi mai wurin ƴan ruwa-ruwa, ɗaga kwalbar ka duba gindinta, kuma a tace da tsumma mai tsabta.

Laima tana taɓa wuta ma. Hular buji, wato fulogi, idan ta jiƙe, babur ba zai tashi ba. A cire ta a goge ta bushe. Idan ka ga farin gari ko kore a kan bakin batir, a kankare, a wanke, a shafa giris.

Ga wata babbar magana. Idan ruwan kwari ya haɗiye babur, ko ya kwana cikin ambaliya, kada a tayar da shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan yana cikin inji aka buga, ƙarfen ciki zai lanƙwashe. A cire buji, a buga kik sau da yawa ruwan ya fito. A zubar da man inji. Idan ka gan shi ya yi fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. A zuba sabo, a shanya mataci, a tsiyaye tanki. Wanda bai iya ba ya tura shi wurin makaniki da hannu.

Kuma ƙasa tana laushi da damina. Matokarin babur sai ya nutse, babur ya faɗi, madubi da hannun birki su karye, mai ya zube. A sa faffaɗan dutse ko guntun katako a ƙarƙashinsa.

MAƘIYAN DA KE CIKIN GIDA

Akuya tana taunar sirdi. Ɓera yana cin wayoyin wuta, yana yin sheƙa a gidan mataci. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a bakin salansa idan babur ya daɗe a tsaye. Kashin tsuntsu da na jemage suna cin fenti, saboda haka inuwar itace ba ta kai rumfa ba. Ban da haka, hadari yana karya reshe.

Manoma su kula da wannan: takin zamani, ure ko 15-15-15, yana jawo laima kuma yana cin ƙarfe kamar gishiri. Kada a ajiye babur kusa da buhunan taki. Idan ka ɗauko taki ko gishiri ko kanwa a bayansa, wanke shi a ranar. Fitsarin dabbobi ma haka yake, don haka garke ba wurin kwanan babur ba ne.

ME YA SA BA ZA A SHIGAR DA SHI ƊAKI BA?

Wani zai ce: to, sai in shigar da shi ɗakin kwana, ga tsaro daga ɓarawo. Tsoron ɓarawo gaskiya ne. Amma ɗakin da mutane ke kwana ba wurin babur ba ne, saboda dalili uku.

Na ɗaya, tururin esansi ya fi iska nauyi. Ƙasa yake bi, inda tabarma take, inda yara ke kwance. Yana sa ciwon kai da jiri. Idan ya iske fitilar kananzir, ko garwashin da aka shigar don jin ɗumi, ko maganin sauro na kunnawa, gobara ce.

Na biyu, hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Wanda ya tayar da babur cikin rufaffen ɗaki don ya ɗumama shi da sanyin safe, yana shayar da iyalinsa wannan guba. Tana sa barci, tana kisa. Idan wani ya ji jiri ko ya suma, a fitar da shi sarari nan da nan, a kai shi likita.

Na uku, yara. Salansa mai zafi tana ƙona ƙafar yaro. Idan haka ta faru, a zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a kan ƙunar har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a je likita. Kada a shafa man goge baki, ko toka, ko man inji. Kwalbar esansi kuma a ɗaga ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin yana iya ɗaukarta abin sha. Yaron da ya sha esansi, kada a sa shi amai, domin man zai koma huhunsa. Kada a ɗura masa nono ko manja. A garzaya da shi likita.

Wanda ke da zaure ko shago mai taga, inda ba a kwana kuma ba a hura wuta, wannan wuri ne mai kyau. Wanda ba shi da su, ga magani.

YADDA ZA A YI RUMFAR BABUR

Tsawon babur kamar mita 2 ne. Rumfa mai tsawon mita 2 da rabi, faɗin mita 1 da rabi, ta isa.

1. A zaɓi wuri mai tudu cikin gida, nesa da murhu, nesa da rumbu da harawa, nesa da tsohuwar katanga da bakin indararo.

2. A ɗaga daɓen kamar taƙi ɗaya da tsakuwa ko marmara, a daɓe shi da kyau. Mai hali ya zuba siminti. Ba mu da nisa da shi, tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza.

3. A kafa dirkoki huɗu ko shida. A babbaka gindinsu da wuta kafin a binne, gara ba ta saurin cin itacen da aka babbaka. Ba sai an sare itace ba, rassan da aka sassabe sun isa.

4. A rufa da zana mai kauri, ko karan hatsi, ko kwano. A karkata rufin don ruwa ya gangare. Kwano a ɗaure shi sosai, domin wanda iska ta ɗauka wuƙa ne.

5. A toshe gabas da arewa da zana. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, hunturu daga arewa maso gabas. Dalilin da ya sa magabata ba sa son ƙofar ɗaki ta dubi gabas ke nan. Ƙofar rumfa ta dubi yamma ko kudu.

6. A binne ƙarfe mai zobe ko ƙaƙƙarfan turke a ƙasa, a ɗaure babur da sarƙa da kwaɗo.

IDAN RUFA ZA A YI

Wanda bai samu yin rumfa ba tukuna, ya rufe babur, amma da sani. A bari inji da salansa su huce, in ba haka ba leda ta narke ta manne. Kada a rufe babur yana jiƙe. Leda ba ta numfashi: laimar da ke tasowa daga ƙasa tana taruwa a cikinta, babur ya kwana cikin gumi, tsatsa ta fi ta wanda aka bari a fili. A fara shimfiɗa tsohon zane ko buhun algarara, sannan a ɗora tamfol, a bar ƙasa a buɗe iska ta riƙa wucewa. A ɗaure da igiya, kada iska ta mai da shi tuta ta kayar da babur. Bayan kowane ruwa a yaye a shanya.

A kakkaɓe ruwan da ya kwanta a lungun tamfol. A kife tsofaffin tayu da gwangwanaye, ko a huda su. Sauro yana ƙyanƙyashewa ya girma cikin kwana 7 zuwa 10 a ruwan da ya kwanta. Kuma kafin ka sa hannu ƙarƙashin rufi da safe, girgiza shi, kunama da maciji suna son wurin.

MASU TAFIYA CI-RANI

Bayan kaka samarinmu da yawa suna tafiya Abijan, Najeriya, Aljeriya ko Libiya, su bar babur wata biyar ko shida. Zama yana kashe babur fiye da tafiya. Kafin ka tashi, yi waɗannan:

A wanke shi, a bar shi ya bushe. A canza man inji, domin tsohon mai yana da datti mai cin ƙarfe. A rufe makunnin mai, a bar inji yana aiki har ya mutu da kansa, karbireta ta zama babu mai a ciki. Tanki kuwa a bar shi kusan cike, don kada laima ta samu wuri. A cire batir, a fara da wayar da ke da alamar ragi. A ajiye shi a inuwa, a bar wa wani amanar yi masa caji sau ɗaya a wata. A shafa mai a sarƙa da duk ƙarfen da ba shi da fenti. A ƙara wa tayu iska, a ɗora babur a kan matokarin tsakiya, a sa katako don tayu su bar ƙasa. A toshe bakin salansa da tsumma, a ɗaura jan ƙyalle a hannu don tunawa da cire shi.

Ranar dawowa, kada a hau kai tsaye. A duba iskar taya, a gwada birkin gaba da na baya, a duba mai, a leƙa gidan mataci.

ABIN DA ZA MU RIƘE

A samu ɗan littafi a rataye a rumfa. A rubuta ranar da aka canza mai da lambar kilomita, ranar da aka wanke mataci, ranar da aka duba batir. A ware rana ɗaya a mako, misali jajibirin kasuwa, a duba abu biyar: taya, birki, sarƙa, mai da fitila.

A unguwar da babur ɗaya ko biyu ne ake dogara da su wajen kai marar lafiya, wannan aiki na kowa ne. Maƙwabta su taru su kafa rumfar, kowa ya kawo zana ko dirka. A tabbata kullum akwai mai a tanki da dare, musamman idan akwai mace mai tsohon ciki a gida. Rigakafi ya fi magani. Lokacin da karan hatsi ke nan a gona, kafin a kwashe shi ko dabbobi su tattake, lokacin yin rumfa ke nan.